Batirin Inna Zulai

Cin amanar gida ya fi sata muni, kuma shi ya kai Sajan Nuhu garin Zugu ranar Juma'a. Inna Zulai mai ciwon suga ce. Ɗanta na Legas ya sa mata sola da batir da ɗan firji, saboda allurarta ba ta son zafi. Mata sun tafi gidan suna, maza masallaci. Da aka dawo, waya na lilo, babu batir.

"Ranka ya daɗe, in zafin ga ya taɓa allurar, ba a samun wata sai Gusau," in ji ɗiyarta Safiya. "Inna ba ta kai Gusau."

Sajan ya buɗe firji. Wayam.

Ya fara da Gambo mai haɗa sola. "Ina kake da azahar?"

"Ina Gummi tun Laraba, Yallaɓai. Yanzu na sauka daga kabu-kabu, ga shi can bai tafi ba."

Sai Habsu mai nono, wadda aka gani ta shiga gidan.

"Ni da ƙwarya bisa kai, goyo a baya? Sajan, ɗaga irinsa da hannu ɗaya in gani!"

Sajan ya koma ɗakin Inna, yana jin numfashinta sama-sama. A gindin randa ya ga yashi a tone. Ya sa yatsa. Ga kwalaben allura, an naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, da sanyinsu.

"Wa ya san wannan dabarar?"

"Malamar asibiti ta ce mu yi haka in wuta ta ɗauke," in ji Safiya. "Ni da yayana Rabe muka kai Inna ranar."

Rabe na zaure, ya fi kowa zagin ɓarawo. Sajan ya iske shi nan.

"Rabe, ɓarawon waje bai san allura ba, balle randa. Wanda ya ɗauki batir ɗin nan ya tsaya ya ceci maganin tsohuwa. Ɗanta ne. Ina ka kai shi?"

Rabe ya sunkuyar da kai. "Yargalma. Masu haƙar zinariya na neman mai cajin waya. Na ce kafin sati in maido."

Kafin la'asar batir ya dawo, firji ya ɗauki ƙugi. Rabe kuwa ya rasa rumfar cajin da ya kafa, ya rasa babur ɗinsa wurin beli, ɗan'uwansa na Legas ya daina aiko masa da kuɗi. Ɗakin Inna kuma, har yau daga bakin ƙofa yake gaishe ta.