Fuskar Zuhra a Bangon Ƙofar Na'isa

"Ni ka zana da zanzana, Hambali? Ni?!"

Zuhra ta cilla masa takardar da 'yar baffanta Mabruka ta ɓamɓaro daga bangon Ƙofar Na'isa. Fuska biyu ce a jiki: ɗaya sumul, ɗaya agana ta cinye. Dukkansu da wushiryarta.

"Zuhrata, saurare ni... Duk macen da na zo zanawa, ke hannuna yake fitarwa. So nake mutane su tsorata su je a yi musu lamba."

"Sai ka yi min mugun fata a bainar jama'a?"

Hambali mai zanen barkwanci ne, shi ke fassara wa jama'a maganar likitoci a jarida. Dama Baban Zuhra bai taɓa ƙaunar sana'ar ba. Mabruka kuwa, da ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Hambali, har ɗaki ta kai wa Baba takardar.

Aka mayar da kayan sa rana.

Da masu lamba suka shigo Gwale, Zuhra ta kulle ɗaki.

"Wallahi ba zan bi maganar zanensa ba!"

Kaico! Fushin fari dai ba naka ba ne. Bazara na kamawa agana ta kwantar da ita, ta tashi da kyar, fuskar nan kamar an kwafo daga takardar.

Hambali ya zo zaure ya yi ta aiken gwaggon Zuhra.

"Gwaggo, ki ce mata in gan ta kawai. Fuskar nan na riga kowa saninta, ban kuma fasa so ba."

Tana bayan ƙofa tana ji, hawaye na bin ramukan kumatunta.

"Ki ce ya tafi, Gwaggo..."

Ya tafi ɗin. Lokacin yaƙin basasa ne. Ya bi ayarin likitocin soja yana zana musu yadda ake tsaftace ruwa. Motarsu ce ba ta dawo ba.

Bayan sadakar arba'in, aka sayo ƙosai a yagaggiyar jarida. Zuhra ta warware, sai ga zanensa: mace mai zanzana da wushirya, tana dariya, ta miƙa damtsen jaririnta ana yi masa lamba. Gefenta wani siririn mutum da fensir a kunne.

Ta daɗe tana shafa maiƙon da ya ɓata fuskarsa.

"Gwaggo," ta ce, "ashe har ɗa ya ba mu... ni ko ƙofa ban buɗe masa ba."