Tambarin Allura a Jikin Banila

Da hantsi kwale-kwale ya sauke Sufeto Bemanjary a gaɓar Masoala, ruwan sama na ta tsuga kamar kullum. Gawar Totozafy, mai yi wa baƙi jagora a daji, na kwance a gonarsa ta banila, tsiron nan mai ƙamshi da tsada, an fasa masa ƙeya. 'Ya'yan banilar kuwa an tsige su kaf, ɗanyu shar.

Ƙanensa Velonjara, direban kwale-kwalen baƙi, sai birgima yake a laka. Kuka kam ya iya shi.

"Yallaɓai, baƙuwar nan ce ƙarshen ganinsa! Ni rabona da gonar nan tun bara."

Baƙuwar, Madam Hanitriniala, malamar makaranta ce daga Antananarivo. Jajayen birai ta zo gani, ga shi 'yan ƙauye sun kewaye ta da adduna.

"Jiya da rana muka rabu, ya ce zai leƙa gona. Na rantse da Allah!"

"Buɗe jakarki, Madam," in ji Sufeto.

Sai ga damin ɗanyar banila. Jama'a suka ɗauki salallami.

Sufeto ya zari ɗaya ya juya ta. A nan ba manomin da ba ya huda tambarinsa da allura a jikin banila tun tana kan itace, saboda ɓarayi. Ya miƙa wa tsohuwa Soazara, uwar mamacin.

"Inna, na wane ne?"

"Tambarin kifi ne. Na Totozafy," ta ce da ƙyar.

"Madam, ina kika samu?"

"Tsaraba na saya yau da safe, wurin direban kwale-kwalen da ya kawo ni. Ya ce ta gonarsa ce."

Kowa ya juya ya dubi direban. Kukan Velonjara ya ɗauke ɗif.

"Kai da rabonka da gonar tun bara?" in ji Sufeto.

Ya durƙushe. "Yayana ya tarar da ni ina tsiga, ya ce sai ya kai ni gaban dattawa. Sau ɗaya na buge shi. Na ɗauka 'yar birni ba ta san tambari ba, gobe ta tafi da ita shi ke nan."

Sufeto ya sa masa ankwa. Suna nufar kwale-kwale tsohuwar ta riƙo rigarsa, banilar na hannunta.

"Yallaɓai, jiya fa 'ya'ya biyu gare ni."