Ladan Ruwan Rafi'u

A shekarun da famfo bai shiga kowane gida ba a Jidda, Rafi'u mutumin unguwar Hindawiyya ruwa yake sayarwa, garwa biyu a sanda. Wata rana bayan lisha, wata mata a lulluɓe ta tare shi a wani lungu na tsohon gari.

"Bawan Allah, hau mini da ruwan nan sama, 'ya'yana na jin ƙishi," in ji ta. Ta danƙa masa kuɗi ƙwaya ɗaya mai nauyi, da ɗumi da danshi kamar daga baki aka fito da shi.

Yana shiga gidan, ƙofa ta rufe. Matakalar ƙunci gare ta, ba ta barin mai sanda ya juya, matar kuma tana bayansa. Ya hau hawa huɗu, ya hau bakwai, bene bai ƙare ba. Da ya iso wata 'yar taga, sai ya duba kuɗin a hasken wata. Zinare ne na mutanen da, da rubutun Rumawa. An zana wata dabba kamar kyarkeci, jarirai biyu suna shan nononta.

"Hajiya, halas, ya isa haka, a nan zan sauke," ya ce.

"Yalla, maza hau. Sun riga sun ji ƙanshinka."

Can sama jarirai biyu suka tsala kuka. Rafi'u ya kasa kunne ga takun da ke biye da shi. Farata ne ke ƙwanƙwasar dutse, kuma ƙafafun huɗu ne.