Tafin Hannun Inna

Ranar Lahadi da hantsi, babu inda ya kai kicin ɗin Injiniya hayaniya a duk benen, alhali mutum biyu ne kawai a ciki, kuma taku uku ne daga ƙofa zuwa taga. Injiniya yana yanka albasa, hawaye shaɓe-shaɓe. Matarsa, wadda kowa ke kira Auta don ita ce ƙarama a gidansu, tana wanke shinkafa tana tsokanarsa.

"Wa ya taɓa min kai, angona? Faɗa min in je in rama maka."

"Albasar nan ce. Shekara da shekaru muna tare, har yau ba ta san ni ba."

"To matsa in yanka."

"A'a, ke yankanki kamar na mai gudun ruwan sama ne. Ki dai riƙe shinkafarki."

Haka suke tun da aka yi aurensu shekara biyu da suka wuce. Dama a wurin mai kifi suka haɗu. Ta ɗauki wani ƙato tana shirin biya, wani dogo da ba ta sani ba ya ce mata ta dubi idonsa, ya faɗa ciki, kifin jiya ne. Ta harare shi, amma ta mayar. Daga baya ta gane cewa mai gyaran injin lif na hawa bene ne, kuma mahaifiyarsa, Inna, ta yi shekara talatin tana dafa wa ɗaliban wata makarantar kwana abinci. Allah bai ba Inna 'ya mace ba, sai ta koya wa ɗanta duk abin da ta iya. Auta kuwa a gidansu ita kaɗai ke son girki don daɗinsa, sauran duk don dole suke yi. Da ta samu wanda za su yi awa guda suna gardama kan lokacin da ya kamata a zuba tafarnuwa, sai ta ji ta zo gida.

Ƙarar bilenda ce ta hana su jin sallama ran nan. Sai ganin mutum suka yi a ƙofar kicin, Yaya Babba, yayar Auta, ta ɗaga waya tana ɗaukar hoto. Injiniya na sanye da rigar girki mai furanni, ludayi a hannu.

"Ikon Allah," in ji Yaya Babba. "Ashe kuku muka aura mata ba mu sani ba."

Injiniya ya yi dariya ya gaishe ta, har ya miƙa mata ɗanɗano a cokali. Kafin ta bar gidan, hoton ya shiga guruf ɗin 'yan uwa. Wayar Auta ta dinga ƙara har yamma. Wannan ya turo sitikar dariya, wancan ya tambaya ko Injiniya na karɓar odar biki, wani ɗan kawunsu tuzuru da bai taɓa ajiye ko akuya ba ya rubuta, "Mijin-ta-ce kenan." Auta ta karanta ɗaya bayan ɗaya, fuskarta na zafi. Da ta nuna wa mijinta, cewa ya yi, "Hoton ma bai yi kyau ba, ta yanke min kai."

Asabar ta gaba aka taru cin abinci a gidan Mama, mahaifiyar Auta. Tun daga bakin ƙofa aka fara. Injiniya yana amsa kowace tsokana da murmushi, Auta kuwa kamar ƙasa ta tsage ta shige. Bayan an ci an sha, Mama ta ja ta ɗaki, Yaya Babba ta bi bayansu.

"Auta, so kike a ce ban koya miki komai ba? Namiji a bakin tukunya, ke kina tsaye? Ni za a zaga, ba ke ba."

"Faɗa mata dai, Mama," in ji Yaya Babba. "Ko dai wani abu kika yi masa?"

Da Auta ta faɗi gaskiya a nan, ta ce tana jin daɗin abin, da dariya za a ƙara yi a wuce wurin. Amma kunya mugun abu ce, takan sa mutum ya sayar da abin da ya fi so don kawai a daina kallonsa.

"Wallahi Mama, ni kaina na gaji. Shi ke cusa kansa. Ban san yadda zan yi in fitar da shi daga kicin ɗin nan ba, abin har kunya yake ba ni."

Ta juyo, sai ga Injiniya tsaye a bakin labule da jakarta a hannu, ya zo ce mata su tafi kafin hanya ta cushe. Bai nuna komai ba. Ya durƙusa ya yi wa Mama sallama kamar kullum, suka shiga mota, rediyo ce ta yi ta magana har gida.

Washegari Lahadi bai shiga kicin ba. Ya yi wanka, ya sa kaya, ya tsaya a falo.

"Za ni wurin Inna. Za ki zo?"

Auta ta ɗauka ƙararta zai kai. Ta ce tana da wanki. Lahadi ta biyu ta ce kanta na ciwo. Ta uku ta ce shi dai ya gaishe mata da Inna. Daga nan bai sake tambaya ba.

Ba faɗa suka yi ba, kuma da faɗan suka yi da ya fi mata sauƙi. Takan dafa ta jera a tebur, ya ci ya ce, "Sannu da ƙoƙari," ya kai farantinsa har bakin ƙofar kicin ya miƙa mata daga waje. Babu mai ce mata gishiri ya yi yawa, babu mai satar nama daga kasko. Wata rana ta ƙona miya da gangan don ta ji ko zai tanka. Ya cinye tas, ya ce sannu da ƙoƙari. Ta shiga banɗaki ta yi kuka. Sau da yawa kalmar haƙuri kan zo mata har baki, sai girman kai ya ce ta bari sai gobe. Yaya Babba kuwa har waya ta yi ta yaba mata, wai yanzu gidan ya zama gida.

Wata biyar aka yi a haka. Ran wata Lahadi bayan ya fita, tana zazzage aljihun rigar aikinsa za ta wanke, wani ƙaramin littafi ya faɗo, gefensa duk tabon mai. Ta ɗauka lissafin injina ne. Da ta buɗe sai ta ga sunayen girki, kowanne da shafinsa. Miyar kifi: citta, tafin Inna ɗaya. Barkono, rabin tafin Inna. A ƙasa ya rubuta, "Na gwada da nawa, ya yi yawa." A shafi na gaba ma haka. A saman shafin farko kuwa, da kwanan watan Juma'ar da ta gabaci taron gidan Mama, ya rubuta: "A gwada da hannun Auta."

Ta bar wankin a jiƙe, ta yafa mayafi ta tari tasi.

Ƙofar gidan Inna a buɗe take. Daga tsakar gida ta hango su. Injiniya a gaban risho, Inna a kan kujerar roba a bakin kicin, ta rame har zanenta ya yi mata yawa. Auta ta durƙusa.

"Inna, ina wuni. Na same ku lafiya?"

Tsohuwar ta dube ta da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo.

"Lafiya lau, 'yan mata. Ke 'yar gidan wa ce?"

Auta ta ɗaga kai ta dubi mijinta. Ya rage wuta, ya yi mata alama su koma gefe.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Likita ya faɗa min wata shida da suka wuce. Mantuwa ce irin ta tsufa, ba ta komawa baya. A lokacin tana gane kowa, girkinta ma duk yana kanta."

Ta fito da littafin. Ya dube shi, ya sauke ajiyar zuciya.

"Inna ba ta taɓa awo da cokali ba, da tafin hannu take yi. Yanzu sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu, ba ta iya dunƙulawa. Nawa kuma kin gan shi, kamar shebur. In ta zuba min ta ce haka, sai abu ya fito wani iri. Ita da kanta ta ce min in kawo ki. Wai ranar da ta fara riƙe hannunki ta ga girmansa ɗaya da nata. Na so in yi miki bazata ran Lahadin da ta biyo taron gidan Mama, mu zo mu uku mu bi su ɗaya bayan ɗaya."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba? Ko da faɗa ne, ko da zagi..."

"Na ji kin ce kin gaji, abin yana ba ki kunya. Ban so ki zo don tausayi ba." Ya karɓi littafin daga hannunta. "Ni ma da laifina. Fushi na yi, na sa masa suna haƙuri. Da na buɗe baki da ba mu kai haka ba."

"Ƙarya na yi musu," in ji Auta, hawaye na zuba. "Wallahi ƙarya na yi. Ban taɓa gajiya ba ko sau ɗaya. Dariyarsu ce ban iya ɗauka ba. Ka yafe min."

"Na yafe tun tuni. Wanke hannunki ki zo, yau da ɗan dama-dama take."

Ta wanke hannu ta durƙusa gaban kujerar. Injiniya ya jera gwangwanayen kayan ƙamshi a kan tire ya ce, "Inna, miyar kifi za mu yi. Ga hannu na kawo miki." Inna ta kama hannun Auta, ta juya shi, ta shafa tafin da babban yatsanta.

"Wannan hannun girki ne," ta ce.

Ta karkata gwangwanin citta a hankali har garin ya cika ramin tafin, ta tsaya, ta naɗe yatsun Auta a kai. "Haka." Injiniya ya juye a cokalin awo da sauri ya rubuta. Inna ta ɗauki barkono ta fara zubawa. Sai hannunta ya tsaya a sama. Ta dubi gwangwanin, ta dubi ɗanta, ta dubi tukunyar da ke tafasa.

"Me muke dafawa ne?"

Injiniya ya karɓi gwangwanin daga hannunta a hankali. Wayar Auta ta yi ƙara a jaka, Yaya Babba ce. Ta ɗauka da hannun da babu barkono.

"Kina ina ne, tun ɗazu nake nemanki?"

"Ina kicin, Yaya, ni da mijina. Nan za ki same ni kowace Lahadi, in kina so ki zo ki ci. Ki faɗa wa Mama zan zo in yi mata bayani da kaina."

Tun daga ranar ba ta sake fashin Lahadi ba. Wata rana Inna takan tashi garau ta ba su awo biyu ko uku har da faɗan an cika wuta, wata rana kuma ta wuni tana tambayar ko ɗalibai sun fito cin abinci. Mama da ta ji labari ta zo dubiya da kanta, ta ci abin da surukinta ya dafa ta sa albarka. Kicin ɗin benen ya dawo da hayaniyarsa, soyayyarsu ma ta dawo, har ta fi da nauyi.

Sai dai girki goma sha tara ne a littafin, huɗu kawai suka samu cikakku kafin mantuwa ta rufe sauran. Miyar kifin ba ta cikinsu. Sun gwada ta ya fi sau ashirin, kowane karo Injiniya kan ɗanɗana ya ce ta yi daɗi, Auta kuma ta san ba ita ba ce.

Duk wanda Allah ya ba abokin da suke son abu ɗaya, ko da yankan albasa ne, ya riƙe shi da kyau, kada ya bari dariyar dangi ta sa ya yi musun abin da ke faranta masa rai. Masu dariyar sukan manta kafin sati ya zagayo. Auta ta samu mijinta ya dawo mata saboda haƙurinsa, amma ta taɓa zama ta ƙirga Lahadin da ta yi tana wanki da ciwon kan ƙarya alhali Inna na zaune da hankalinta tana jiran hannunta. Ashirin da biyu ne, kuma babu wadda za ta dawo.