Ranar da Hayaƙi Ya Nufi Teku

"Wa ya ba ki wannan zanin?"

Ban ji shigowar Mama ba. Ina durƙushe gaban akwatina, na baje sabon zanin kanga ruwan ganye a cinyata ina shafawa.

"Saya na yi, Mama..."

"Miza! Kalle ni nan. Simai ne ko?"

Na sunkuyar da kai. Ta fizge zanin ta jefa kan gado kamar ta taɓa garwashi.

"Ruwa bai gama bushewa a kabarin yayanki ba, kina karɓar kaya daga hannun wanda ya kai shi teku ya dawo shi kaɗai! Yau ma, ranar sabuwar shekara? So kike ki janyo mana wata masifar?"

"Mama, ba shi ya kashe Yaya Mcha ba. Ƙaddara ce..."

"Rufe min baki! Je ki duba shinkafar nan kar ta kama."

Na fita tsakar gida hawaye na bin kumatuna. Safiyar Mwaka Kogwa ce, bikin sabuwar shekararmu, duk garinmu Makunduchi ƙamshin shinkafar pilau yake yi da kanumfari.

Sati guda ke nan ba a maganar komai sai shekarar da za ta shigo. A bakin rijiya, a wajen shanya ciyawar teku, kowa da hasashensa. Wasu sun ce ruwan sama zai makara, rogo zai ƙone. Wasu sun ce kifi ya ƙaura ya bar gaɓarmu. Bi Tatu maƙwabciyarmu ta rantse kwana uku a jere tana mafarkin jirgi ba kowa a ciki. Liman kuwa ya yi huɗuba ya ce gaibu sai Allah, kowa ya ce haka ne, amma da aka fito masallaci sai ga su suna tambayar juna, "Ko ina hayaƙin bana zai nufa?"

Babana, Mzee Vuai, shi ke shiga bukkar ganyen kwakwa a cinna mata wuta, ya fito da gudu, sannan ya dubi hayaƙi ya faɗa wa gari abin da shekara ta ƙunsa. Shekara ashirin da biyu yana yi. Bara hayaƙin ya karkata gabas, wajen teku. Baba ya ce masunta su yi hattara. Sati uku bayan nan jirgin Simai ya kife da shi da yayana Mcha. Simai, wanda ya riga ya aiko a nema masa aurena, aka tsinto shi da rai. Tun daga ranar Baba bai sake amsa gaisuwarsa ba.

Da hantsi na ɗauki bokiti kamar zan je rijiya. Simai na tsaye bayan bishiyar kuka, ya rame, a hannunsa sandar ayaba irin wadda maza ke dukan juna da ita a filin bikin.

"Hasken idona, ba ki ɗaura zanin ba?"

"Mama ta gani."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "To shi ke nan, yau za ki shiga sahun matan da ke waƙar maza sun hana su kanga, gari ya ce Simai marowaci ne."

"Ba wasa nake ba! Simai, don Allah kar ka je fili. Baba ya yanko sanda jiya. Shekara goma rabon da ya shiga dukan nan."

"Saboda ni ya yanko, na sani."

"To ka gudu mana!"

"Miza, ai don haka ake yi. Wanda ke da ƙulli a zuciya ya sauke shi kafin a shiga sabuwar shekara. Bari ya sauke a bayana, in dai zai samu sauƙi."

"In hayaƙi ya sake nufar teku fa? Mama ta ce ko gawarta ba za ta yarda da aurenmu ba..."

Ya ɗaga kai yana kallon sama. Iska ta tsaya cak, ko ganye ɗaya ba ya motsi, alhali lokacin iskar kudu ne.

"Allah ya fi hayaƙi, rabin raina," in ji shi. Amma bai sauke ido daga sama ba.

Da azahar fili ya cika maƙil. Mazan kudancin gari da na arewacinsa sun fuskanci juna, sandunan ayaba na tashi suna sauka, tas! tas! Mata muna zagaye muna waƙa, ana yi wa maza habaici.

"Kai Pandu, da wannan ƙwaurin naka za ka yi faɗa? Ko kaza ba za ka kayar ba!"

Aka kwashe da dariya. Ni dai bakina kawai ke motsi.

Sai na hango Baba. Ya ratsa samari kai tsaye, bai kula kowa ba, har ya tsaya gaban Simai. Simai ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya juya masa baya.

Duka na farko, waƙa ta ragu. Na biyar, ta tsaya gaba ɗaya.

"Ɗauki sandarka!" Baba ya daka tsawa. "Ɗauki ka rama, matsoraci!"

"Ba zan ɗaga hannu a kanka ba, Baba."

"Ni ba ubanka ba ne! Ɗana yana ƙarƙashin ƙasa!"

Ya yi ta duka har sandar ta yi kaca-kaca. Dattawa suka riƙe shi. Yana haki, ya dafe ƙirji da hannun hagu. Na yunƙura zan je, Mama ta damƙe min hannu.

"Vuai, bana ka bar wani ya shiga bukkar," in ji wani dattijo.

"Ina raye? Ba a yi ba."

Ya shiga. Aka cinna wuta ta baya. Busasshen ganyen kwakwa ya kama nan take, mutane suka ja da baya suna jiran ya fito da gudu kamar kullum.

Bai fito ba.

"Baba!" Na fasa ihu. "Baba bai fito ba!"

Kowa ya daskare, don ba a taɓa ganin haka ba, kuma ba mai shiga bukkar sai wanda aka naɗa. Kafin a gama tunani wani ya keta taron ya faɗa cikin hayaƙin. Numfashi biyu, uku... sai ga Simai ya fito da rarrafe yana jan Baba, hannun rigarsa na ci da wuta. Aka yi ta watsa masa ƙasa.

A lokacin ne iska ta taso. Hayaƙin da ya miƙe sama baƙi ƙirin ya lanƙwasa a hankali, ya kwanta, ya nufi teku.

Mai fassarawa yana kwance a ƙasa, kuma ba a buƙatar fassara. Bi Tatu ce kaɗai ta ɗora hannu a ka, "Innalillahi... bana kuma wa teku za ta ɗauka?"

A asibiti likita ya ce zuciyar Baba ce, ta daɗe tana ba shi alama yana ɓoyewa. Kwana uku Simai na zaune a barandar waje da hannu a naɗe, bai shiga ba, bai tafi ba. A rana ta huɗu da safe Baba ya buɗe ido ya ce, "Miza, kira min yaron nan."

Simai ya durƙusa a bakin gado. Mama ta juya fuska ga bango.

"Faɗa min yadda ɗana ya mutu. Gaskiya nake so."

"Baba, a bar maganar..."

"Ba ni da lokacin a bari."

Simai ya ce, "Ranar na ce ba zan fita ba, saboda gargaɗinka. Mcha ya yi dariya, ya ce hayaƙi ba ya cika tukunya. Ya kwance jirgin ya ce ko da ni ko ba ni. Na ga ba zan bar shi shi kaɗai ba, na bi shi. Da muka kife, jarka ɗaya muka samu. Tun hantsi har rana ta karkata ina riƙe da wuyan hannunsa. Jarkar ta fara nutsewa da mu biyu... sai ya ce, 'Ka roƙa min Baba gafara, ka riƙe min Miza.' Ya fizge hannunsa. Wallahi Baba ban sake shi ba, shi ya fizge!"

Kuka ya ƙwace wa Mama.

"Me ya hana ka faɗa?" ta ce. "Wata goma sha ɗaya muna tsine maka!"

"Gara ku tsine min, Mama, da ku ce ya mutu yana saɓa wa mahaifinsa."

Baba ya lumshe ido, hawaye na gangarowa cikin gemunsa.

"Na san ɗana. Tun ranar zuciyata ta gaya min. Amma fushi da mai rai ya fi sauƙi a kan fushi da mamaci." Ya laluba ya kamo hannuna, ya ɗora kan ƙonannen hannun Simai. "Na yafe masa. Kai ma ka yafe min. Ga amanar da ya ba ka."

Kwana biyar bayan nan Baba ya cika, da rana tsaka, kansa a cinyata.

Bayan arba'in aka ɗaura mana aure, ba kiɗa, ba guɗa. Gari ya rabu biyu. Wasu sun ce shekara ta riga ta karɓi rabonta, a kwantar da hankali. Wasu suka ce a'a, Mzee Vuai a tudu ya rasu, hayaƙi kuwa teku ya nuna, ita ba ta karɓi nata ba tukuna. Masunta da yawa suka janye jiragensu suka koma noman rogo. Simai ba shi da gona, kuma yanzu baki biyu ke jiransa, ni da Mama.

Ranar da zai fara fita teku, na raka shi bakin ruwa bayan sallar asuba, gari ya yi haske. Ina riƙe da gefen rigarsa na kasa saki.

"Masoyina, gobe mana... ka bari sai gobe."

"Jiya ma haka kika ce, Miza."

Sai muka ji taku a bayanmu. Mama ce, cikin mayafin takaba, wadda tun rasuwar Yaya Mcha ba ta sake taka yashin nan ba. Ta miƙa masa ƙunshin dafaffen rogo.

"Ka dawo kafin la'asar, ɗana. Ba zan sauke tukunya ba sai na gan ka."

Ya tura jirgin. Muka tsaya ni da ita, hannu cikin hannu, muna kallo har ya zama ɗan ɗigo. Iskar kudu ta fara kaɗa mana mayafi. Saura wata goma shekarar ta ƙare.