Gaisuwar Masu Sharar Paris

Aikin awa ɗaya ne, in ji shugabanmu. In hau jirgin ƙasa daga Lyon da rana, in auna wani fili a bayan Aubervilliers, a gefen Paris, in komo da jirgin ƙarfe bakwai. Awon filaye ne sana'ata. Sunana Salim, mutumin Maradi, shekarata goma sha ɗaya a Faransa.

Leïla, wadda muke aiki a biro ɗaya da ita, ita ta miƙo mini takardun.

"Maƙabarta ce fa," ta ce. "Ta Jamusawa. Ba ka tsoro?"

Na yi dariya, na ce wanda ya saba da matakalar gidanmu a unguwar Guillotière ba abin da zai ba shi tsoro.

A cikin jirgi na karanta tarihin wurin. Talakawa ne daga ƙauyukan Jamus, suka zo Paris fiye da shekara ɗari da hamsin da suka wuce, don sharar tituna. Maza da mata, har da yara, suna fita da tsintsiya tun kafin gari ya waye. Suka haɗa hannu suka gina ɗan cocinsu a bakin gari, suka keɓe fili a bayansa don matattunsu. Yaƙi ya tashi tsakanin ƙasashen biyu, aka kore su. Wasu suka dawo, wani yaƙin ya sake korarsu. Daga nan cocin ya rufe, rufinsa ya rufta. Masu rai sun tafi, na kwance aka bari. Yanzu wani kamfani na son gina sito a wurin.

Na rufe takardun, na ciro waya, na kuma mayar da ita aljihu. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifina. Takarduna na zama suna hannun hukuma a lokacin, ban je jana'iza ba, ban je sadakar arba'in ba. Kunya ta hana ni kiran Inna a satin farko. Sati ya zama wata, kunyar kuma tana ƙara nauyi. Saƙonnin muryarta suna nan jere a wayata, ban buɗe ko ɗaya ba. Duk Juma'a a masallaci 'yan uwa su ce, "A gai da gida," in ce, "Za su ji," in koma ɗakina in dafa taliya in ci ni kaɗai. Kewa tana cina, amma na iya ɓoye ta.

Jirgin ya yi latti. Kafin in fito daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in taka zuwa filin, rana ta sunkuya. Watan Nuwamba ne. Masu manyan shaguna suna ta jan ƙofofin ƙarfe, motocin kaya suna ficewa ɗaya bayan ɗaya. Na bi wani lungu tsakanin sito biyu har ƙarshensa. Ƙyauren ƙarfe ne mai tsatsa, a buɗe da ɗan taƙi.

Na yi sallama kafin in shiga. Baki ne ya saba.

Ciyawa ta kai gwiwa. Wurin yana warin jiƙaƙƙen ganye da ruwan kwata. Duwatsun kaburburan sun karkace, wasu sun faɗi rub da ciki. Na kunna na'urar awona, na fara aiki da sauri. Amma ido ba ya jin magana. Wannan shekararsa ashirin da huɗu. Wannan jaririya ce. A ƙarƙashin kowane suna an sassaƙa sunan ƙauyen da mutum ya fito, kuma sunan ƙauyen ya fi na mutumin girma. Na ɗauki hotunansu da waya, ban san dalili ba.

Ƙarar motoci ta ɗauke.

Sai na ji shara.

Shaa. Shaa. A hankali, kamar mai sharar tsakar gida da ba ya son ta da masu barci.

Wani tsoho ne a jikin bangon cocin, cikin doguwar riga mai kauri. Tsintsiyarsa ta ƙirare ce, ba irin koriyar robar da ma'aikatan Paris ke riƙewa ba. Na ɗauka mai gadi ne. A garinmu ba a wuce mai aiki a yi shiru, don haka kafin in yi tunani na ce, da Hausa:

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa," ya ce, ƙasa-ƙasa. "Sannu da zuwa."

Leɓunansa wani abu dabam suke faɗa. Kunnena kuwa Hausa yake ji, Hausar Maradi, irin ta tsofaffin unguwarmu.

Na'urar awon tana hannuna, a kunne. Jan ɗigon haskenta ya sauka daidai ƙirjinsa. Na duba allon. Mita goma sha huɗu, wato nisan bangon da ke bayansa.



"Shekara nawa ka zo yi?" ya tambaya, bai daina shara ba.

"Biyu," na ce. Abin da na faɗa wa Inna ke nan a tashar mota.

"Mu ma biyu."

Ya matso. Warin hayaƙin itace ya buge ni, da sanyi irin na cikin rijiya. Ya nuna ƙasa da tsintsiya. Tsakanin kaburbura biyu an share wani wuri tas, babu ganye ko ɗaya. Ni mai awo ne, ba sai na sa na'ura ba. Tsawona ne.

"Mun gyara maka," ya ce. "Wanda ba a jiransa, nan ne gidansa."

Na nemi Ayatul Kursiyyu, ta sarƙe a harshena. Ƙafafuna suka yi nauyi kamar an zuba musu siminti.

"Ana jirana," na ce.

"Wa?"

"Innata."

"Yaushe rabonta da muryarka?"



Shaa. Tsintsiyar ta taɓa takalmina.

Ko a bakin kabari tarbiyya ba ta sakin mutum. Maimakon in ruga, sai na ji kaina ina neman izini kamar wanda ya je gaida surukai.

"Baba, ni zan koma."

Ya daɗe yana kallona. Idanunsa ba mugunta a cikinsu, gajiya ce kawai.

"To," ya ce. "Ka gai da gida."

"Za su ji."

Tsintsiyar ta tsaya.

"Kai da bakinka ka ce za su ji," in ji shi.

Ciyawa ta motsa a dama. Ta motsa a hagu. Daga kowane dutse murya ta taso, ta maza, ta mata, ta yara ƙanana, duk cikin raɗa.

Ka gai da gida. Ka gai da gida.

Ƙafafuna suka saku. Na ruga.

Ƙyauren yana rufuwa da kansa, yana kuka. Na kutsa a kaikaice, ƙarfen ya kama rigata ya yage ta har kafaɗa. Na bar na'urar a can, ban waiwaya ba sai da na ga fitilun metro.

Na koma Lyon, na ce wa shugabanmu ɓarayi ne suka tare ni. Washegari da magariba ina ɗakina a hawa na biyar, na ji sharar daga can ƙasa, bakin ƙofar shiga. Shaa. Shaa. Na leƙa ta saman matakala. Babu kowa, amma hawan farko ya yi fes.

Kashegari tana hawa na biyu.

Na gane alkawari na ɗauka, kuma an biyo ni a ji ko na cika. Na buɗe hotunan da na ɗauka, na kwafe sunaye da ƙauyuka. Leïla ta taya ni rubuta wasiƙu da Jamusanci, muka aika ta intanet zuwa ofisoshin ƙauyuka tara: mutanenku da ke kwance a Paris suna gaishe ku. Ba ta tambaye ni komai ba, Allah ya saka mata. Wuri ɗaya ne ya amsa, cikin ladabi, cewa babu sauran mai wannan suna a garin.

A ranar nan sharar ta kai hawa na huɗu.

Rana ta biyar na zauna a bakin gado tun la'asar. Haske ya fara ja. Na ji ta tana hawowa, taki ɗaya, shara ɗaya. Ta tsaya a ƙofata. Wani jiƙaƙƙen ganye ya shigo ta ƙarƙashin ƙofar, ya tsaya a gaban ƙafata.

A nan wautata ta bayyana gare ni. Shekara goma sha ɗaya a Turai har na manta abin da kowa ya sani a garinmu. In an ce ka gai da gida, gidanka ake nufi.

Na danna lambar Inna. Ta yi ƙara sau huɗu.

"Salamu alaikum. Wa ke nan?"

Muryar ta tsufa fiye da shekara uku.

"Inna, ni ne."

Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, yau ma ba ta kira ba. Ina jin numfashinta, da kukan akuya a tsakar gidanmu.

"Kai ne," ta ce. "Kana lahiya?"

"Lahiya lau, Inna. Ki gafarce ni."

"Bari wanga zance. Kana cin abinci?" Sai ta dakata. "Wa ke shara nan kusa gare ka da magariba? Ba a shara da wanga lokaci. Hana shi."

Ashe ita ma tana ji.

"Wasu baƙi ne, Inna. Sun daɗe a nan, ba su da kowa. Su suka ce in gaishe ki."

"Allah sarki," ta ce. "Ina amsawa."

Sharar ta tsaya. Na ji an jingina wani abu a bango, a hankali, sannan shiru.

An gina siton a bazarar da ta biyo baya, aka kwashe ƙasusuwan zuwa wata maƙabarta. Ban sake jin tsintsiyar ba. Duk Juma'a bayan masallaci nakan kira gida, kuma kafin mu yi sallama Inna ba ta mantawa.

"Ina baƙin nan naka? In ka gan su, ka ce ina gaishe su."

Nakan ce to. Ban taɓa ce mata za su ji ba.