Darar da Aka Kife da Masaki

Kakata Lubabatu ce ta fara ba ni labarin nan tana kaɗi, ita ma a bakin tata kakar ta ji. A Damagaram aka yi shi, shekarun da ake ginin garun Birni.

Zuliha 'yar Nomau majemi ce. A zauren gidansu akwai masaki a kife, ba mai taɓa shi. Dara ce a ƙarƙashinsa, wadda Nomau da ɗansa Usman suka fara ranar da ayarin gishiri zai tashi zuwa Bilma. Usman ya ce a rufe, in ya dawo zai ƙarasa cinye Baba. Ayari ya dawo, ban da shi. Shekara uku Zuliha tana sharar zauren tana kewaye masakin. Wani lokaci da rana tsaka, gida tsit, sai ta ji kamar ana kaɗa duwatsu a tafin hannu, yadda yayanta ke yi in yana tunani.

Sha'ibu baduku, mai sayen fata wajen Nomau, shi ke sonta, ita ma ba ta ganin kowa sai shi. Sau biyu manyansa suna zuwa, Nomau yana cewa sai yayanta ya dawo. Da Gwaggo Barira, ƙanwar Nomau, ta matsa, sai ya ce yaron ya zo gindin tsamiya inda dattawa ke dara bayan la'asar, ya ga hannunsa.

Sha'ibu gwani ne, amma kunyar suruki ta kama shi. Ci ya zo masa har ƙofa, ya kau da kai ya tura dutsensa wani gurbin. Nomau ya cinye, ya shafe gurabun da ƙafa.

"Wanda ya yi mini ƙarya a ƙasa, zai yi wa 'yata a ɗaki. Tashi."

Zuliha ta yi kuka har idonta ya kumbura. Bayan kwana biyu ta tare Sha'ibu a bakin rijiya, ta sa ya zana mata wasan a ƙasa, don ita a gefen Usman ta koyi dara. Ta ɗora yatsa a gurbin da ya kauce wa. Ya ce ladabi ya yi. Ta ce ladabin nan ne ke kashe Baba: tun ɓatan Usman ba wanda ya cinye shi, kowa tausayi yake bar masa, shi kuwa ya sani. Kowane ci gaisuwar mutuwa ce ake yi masa a fakaice.

"Yaya bai taɓa bar masa ko dutse ɗaya ba," in ji ta. "Ka koma."

Ya koma. Damina guda yana zaune a gefe, Nomau ko kallo. Ranar da aka rasa abokin wasa, tsoho ya yafito shi. Sha'ibu ya yi da gaske, kuma aka lallasa shi da gaske — ashe majemi bai tsufa ba. Kullum aka cinye shi sai ya kawo wa Zuliha wasan, su zana, su nemo inda ya kuskure, tana yi masa tsiya wai ɗinkin takalmi ya fi karɓarsa.

Ana yankan gero Sha'ibu ya cinye tsohon. Nomau ya daɗe yana kallon gurabunsa wayam, hawaye na bin gemunsa.

"Haka yake yi mini," ya ce. "Haka ɗin nan."

Kafin magariba ya shigo gida, ya ce Barira ta aika wa mutanen Sha'ibu su zo, a kuma kira liman a yi wa Usman addu'a.

To, kun ji, 'yan nan. Ladabin da aka gina kan ƙarya raini ne, komai kyan niyya. Kuma wanda aka kayar ya tsaya ya duba inda ya faɗi, haƙurinsa ba ya tashi a banza.

Washegari da safe Zuliha ta ɗaga masakin. Duwatsun Usman uku a jere suke, ci ke nan, ita kuwa ta san ba haka aka bar su ba. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta tsince su ta ƙulle a bakin zanenta, ta share zauren kaf.